'Yar Tsanar Kara da 'Yan Tsanar Kaset

A kakar tumatir da ta wuce mun raka wani ɗan'uwa Kwanar Gafan sayar da kayansa. Muna jiran a gama ciniki da masu motocin Kudu, sai muka hangi wani dattijo ya baza tsofaffin faya-fayan bidiyo a kan buhu, ƙura duk ta lulluɓe su, yana karyar da su don dai ya rabu da kaya, tun da yanzu kowa a wayarsa yake kallo. Irin faya-fayan nan ne masu araha da akan cusa wa fina-finai bakwai ko takwas a guda ɗaya. Muna juyawa sai ga wata fuska da muka shekara talatin ba mu gani ba: ɗan tsana mai farar fuska kamar an shafa masa alli, da baƙar hula da baƙar riga, hannu ɗaya wuƙa, ɗaya ƙugiya. Mai karatu, kada ka yi mana dariya, da furfurarmu da komai sai da gabanmu ya faɗi. Muka biya abin da bai kai kuɗin kofin shayi da burodi ba, muka sa a aljihu.

Sunan fim ɗin Puppet Master, wato ubangidan 'yan tsana. A Amurka aka yi shi a 1989. Mai shi, Charles Band, kamfaninsa na baya bashi ya durƙusar da shi, sai ya kafa wani mai suna Full Moon, ya kuma yanke shawarar ba zai kai wannan fim gidan siliman kowa ba, kai tsaye a kaset zai sayar. Dabarar ta karɓe shi, har ya yi ta haifar masa ƙannai fiye da goma. Shekara guda kafin nan an yi Child's Play, wanda ya fi shi kuɗi da suna, shi ne na Chucky. A wajenmu kuwa duk fim ɗin da ɗan tsana ya ɗauki wuƙa, to sunansa Chucky, ko da kuwa babu Chucky a ciki.

Abin lura shi ne, hanyar da wannan Ba'amurke ya bi, ita 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka bi a Kano a 1990 da suka yi Turmin Danya. Babu silima, babu babban jari, sai kyamara da kaset da kasuwa. Kasusuwan da suka yaɗa fina-finan Hausa daga baya, wajen Bata da Ƙofar Wambai, su ne dai suka riƙa turo mana na Indiya da na Sin da waɗannan na ban tsoro har ƙauye.

Mu muna aji shida na firamare muka gan shi, a wata rumfar zana a Kura. A lokacin ba a ma ba Garun Mallam ƙaramar hukumarta ba, duk Kura muke. Mai rumfar yana da talabijin ɗaya da bidiyo da ƙaramin janareta mai tari, akan biya 'yan kwabbai a zauna a benci, marasa kuɗi su leƙa ta hujin zana. Kaset ɗin kuwa an kwafe shi daga wanda aka kwafa daga wanda aka kwafa, har launi ya jeme, ja ya malale cikin baƙi, wasu layuka suna ta gilmawa kamar ruwan sama. In hoto ya ɗauke sai mai rumfa ya buɗe na'urar ya goge kanta da tsumma, mu kuma mu zauna cikin duhu muna jin numfashin juna.

Turanci ba ma ji, balle na Amurkawa da ake yi ta hanci. Wani saurayi da ya taɓa kaiwa aji uku na sakandare shi ne mai fassara. Ya ce mana tsohon nan da ya sassaƙa 'yan tsanar boka ne, ya ɗure aljanu a cikinsu, kuma duk wanda ya kwana a ɗaki ɗaya da 'yar tsana ba tare da ya juya fuskarta bango ba, ya kuka da kansa. Sai da muka girma muka gane cewa a labarin, tsohon, Andre Toulon, wani sirri ne na mutanen Masar na dā ya samu, kuma ya kashe kansa a wani otal a 1939 don kada 'yan leƙen asirin Hitler su ƙwace sirrin. Zancen juya fuska bango kuwa babu shi ko kaɗan, mai fassara ne ya ƙara gishirinsa. Amma shi ne abin da ya fi kama mu.

Da aka tashi magariba ta kawo jiki. Muka biyo gefen kanal, wanda ke ɗauko ruwan dam ɗin Tiga yana rarraba wa gonakin Kadawa da kewaye. Shinkafa ta fara nuna, kowace gona da mutum-mutuminta saboda jan-baki: sanda biyu a gicciye, tsohuwar riga, fasasshiyar ƙwarya a ka. Tun muna goye muke ganinsu, mu da kanmu mun sha ɗaura su. Ran nan kuwa iska na kaɗa hannun rigar ɗaya, babu wanda ya ce wa wani komai, sai kowa ya ranta a na kare.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne. Muna da ƙanwa 'yar shekara shida, tana da 'yar tsana wadda kakarmu ta yi mata da karan dawa. Ta fere shi, ta yi masa kitso da baƙin zare, ta ɗaura masa ƙyallen atamfa da 'yan duwatsun wuya. A makon nan ita da ƙawayenta suke shirin bikin 'yar tsana, har sun tara marafan kwalba a matsayin kwanonin jere. Da dare muka zaunar da ita muka kwashe labarin kaf muka faɗa mata, da ƙarin namu a kan na mai fassara. Da ta yi barci muka zare 'yar tsanar daga gefenta, muka tsayar da ita a kan murfin randa, fuskarta na kallon shimfiɗar, muka soka mata tsinken tsintsiya a hannu.

Ihunta ne ya tashe mu da asuba. Kafin hantsi ta tafi da kanta ta jefa ta a kanal. Da kaka ta ji, ba ta yi faɗa ba, ta dai kira ta ta ce, "Ke 'yar nan, ni na fere karan nan da hannuna, ban sa komai a ciki ba sai zare." Yarinya ta ce, "Ai Yaya ya ce da dare tashi take yi." Kaka ta dube mu, kallo ɗaya, ta ci gaba da kaɗinta. Ba ta sake yin wata ba, don idonta ya riga ya fara rauni, kuma ba ta ga kaka biyu bayan nan ba Allah Ya yi mata rasuwa. Ƙanwar tamu yau 'ya'yanta biyar, kuma har yanzu in an taru da salla takan ce Yaya ne ya raba ta da abu ɗaya tak da kaka ta bar mata. Da dariya take faɗa, mu kuwa ba mu taɓa iya taya ta dariyar ba.

To, mun kalli faifan nan na Kwanar Gafan bayan yara sun kwanta, kuma gara da muka yi haka, don akwai wuraren da ba su dace da idon yaro ba, waɗanda mai rumfa kan tura gaba da sauri ashe. Hoto tar, ana jin kowace kalma. Tsoro kuwa ko ƙwaya. Labarin yana jan ƙafa, 'yan wasan wasunsu kamar an tilasta musu. Abin da ya burge mu shi ne haƙurin masu aikin. Don ɗan tsana ya ɗaga hannu, sai a motsa shi kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara motsawa a ƙara ɗauka, alhali hoto 24 ne ke cika daƙiƙa ɗaya ta fim. David Allen ne ya jagoranci wannan aiki. Da yake aikin na cin lokaci da kuɗi, sai suka rage nuna 'yan tsanar. Sukan sauke kyamara ƙasa daidai idon sawu, ta riƙa gudu tsakanin ƙafafun mutane, kana jin ɗan haki da ƙaramin taku, ba ka ga mai yin su ba. Rashin kuɗi ne ya koya musu ɓoyewa, ɓoyewar kuma ita ce ɗan abin da ya rage mai kyau a fim ɗin. Sauran tsoron da muka ji a 1992, dusashewar kaset ce da bakin mai fassara da hanyar kanal suka haɗa mana shi. Wato mu muka rubuta rabin fim ɗin ba mu sani ba.

Wannan ya sa muka ba 'yan aji biyar aikin rubuta labarin ban tsoro, shafi biyu. Fiye da rabinsu 'yar tsanar roba suka kawo, mai jan gashi, a gidan bene, a garin da ƙanƙara ke zuba, alhali mafi yawansu ko Zariya ba su taɓa wucewa ba. Ba mu ga laifinsu ba, abin da aka nuna musu a matsayin labari ke nan. Wata yarinya mai zama a layin baya ita ce ta ƙi miƙa nata sai da kowa ya fita. Ta rubuta yadda bayan rasuwar mahaifinta wanta ya ɗauki tsohuwar rigarsa ya sa wa mutum-mutumin gonarsu, ita kuma aka riƙa aikenta korar tsuntsu da sassafe, tana buga gwangwani tana kawar da kai, don ta san inda aljihun rigar ya yage, ita ta taɓa ɗinke shi. Babu wuƙa, babu jini, mutum-mutumin ko motsi bai yi ba har ƙarshe. Mun karanta a ɗakin malamai tsigar jikinmu na tashi.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wannan ma ana lissafa shi cikin labari?" Muka ce mata ta je ta ƙara shafi uku, ta faɗa mana abin da ya faru ranar da aka yi girbi aka zo cire rigar.

Faifan kuwa bai kwana bakwai a gidan ba. Ɗanmu na biyu ya gan shi a kan taga, ya ce ƙyallinsa zai yi maganin jan-baki. A zamaninmu ma zaren tsofaffin kaset akan ja a kan shinkafa, yana walƙiya yana kuka in iska ta taso, kuma ba mamaki na rumfar Kura a can ya ƙare. Muka ce ya ɗauka. Yana can yanzu a rataye da igiya a gonarmu ta bakin kanal, yana juyawa.