Idon Kyanwa Cikin Hoto

A ƙauyukanmu na Kunci kyanwa ita ce mai tsaron rumbu, amma mutane da yawa suna tsoronta da dare. Bara ɗana ya ɗauki hoton tamu da waya bayan magariba, sai idanunta suka fito kore shar kamar fitilu biyu. Wata maƙwabciya ta gani, ta ce wannan ba kyanwa ba ce, a rabu da ita. Na ƙi. Da na yarda, da ɓeraye sun gama da geronmu.

Ga abin da ke faruwa. Can cikin idon kyanwa akwai wata fata mai ƙyalli kamar madubi, ita ke taimakonta gani cikin duhu. Kare da akuya da saniya duka suna da ita. In hasken kyamara ya shiga, sai ta maido shi. Mutum ba shi da ita, shi ya sa nasa idon yakan fito ja, launin jinin da ke ciki.

Maganin ba wuya. Ka kashe hasken kyamara, ka ɗauki hoton da rana a inuwa. In da dare ne, kunna fitila, ka tsaya a gefe don kada ta dube ka kai tsaye. In an riga an ɗauka, ka shafa baƙi a ƙwayar idon da abin gyaran hoto, ka bar ɗan ɗigon fari.

Iyaye, ku haska tocila cikin garken awaki, yara su gani da idonsu. Rashin sani ya fi dare duhu.