Makon da Ruwa Ya Ci Jirage Uku

A cikin mako guda na watan Yunin 2023 ruwa ya ci jirage uku a wurare masu nisa da juna. Duk wanda ke riƙe da babbar waya a lokacin zai iya tuna ɗaya daga cikinsu. Sauran biyun sai an tuna masa.

Na farko kwale-kwale ne a kogin Neja. A ranar 12 ga wata, cikin dare, ya kwaso 'yan biki daga ƙauyen Egboti na jihar Neja zai mai da su garuruwansu a ƙaramar hukumar Patigi ta jihar Kwara. An yi masa lodi fiye da ƙima, ya daki kututturen bishiya a cikin ruwa, ya rabe biyu. Sama da mutum 100 suka rasu, da yawansu mata da yara. Kwana biyu bayan haka wani tsohon jirgin kamun kifi mai suna Adriana, wanda ya taso daga Tobruk ta Libiya da mutanen da aka ƙiyasta sun kai 750, ya nutse a kusa da Pylos ta ƙasar Girka. Mutum 104 aka ceto, dukkansu maza. Gawa 82 aka tsamo. Sauran, har da matan da yaran da aka ce suna can ƙasan jirgin, teku ta riƙe su.

Na uku shi ne Titan, ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku na kamfanin OceanGate, wanda ya ɓace ranar 18 ga wata da mutum biyar. Sun tafi kallon ɓaraguzan Titanic ne, a zurfin kusan mita 3,800, kuma kuɗin kujera ɗaya dala 250,000. Kafin a wayi gari duniya ta san su ɗaya bayan ɗaya: Stockton Rush mai kamfanin, Hamish Harding attajirin Ingila, Paul-Henri Nargeolet ɗan Faransa, Shahzada Dawood ɗan asalin Pakistan da ɗansa Suleman mai shekara 19. Amurka da Kanada suka tura jirage na sama da na ruwa, Faransa ta aika jirgi ɗauke da na'urar nutso. Gidajen talabijin suka riƙa lissafa awa 96 na iskar da aka ce ta rage musu, awa bayan awa, har ranar 22 ga wata da aka ga tarkacen.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne a nan gida, a majalisun ƙofar gida da teburan masu shayi. Samari da ba su taɓa ganin teku ba suna gardama a kan ko iskar za ta kai su Alhamis. Sun san shekarun yaron, sun san da abin wasan kwamfuta ake tuƙa jirgin, sun juya dala 250,000 zuwa naira sun riƙe baki. Idan aka kawo zancen Patigi, sai a ce Allah Ya jiƙan Musulmi, a yi shiru na ɗan lokaci, a koma kan Titan. Ba wanda ya san sunan amarya ko ango, balle na wata tsohuwa da ta je bikin da jikokinta.

Ban ga laifin wanda ya ji tausayin mutum biyar ɗin nan ba. Yaro ɗan shekara 19 da ya bi mahaifinsa ya tafi bai dawo ba abin tausayi ne ko da ubansa ya mallaki rabin duniya, kuma mahaifiyarsa ta yi irin kukan da uwayen Patigi suka yi. Haka ban ga laifin wanda ya zubar da hawaye ranar 10 ga Disambar 2014 da aka ce Rabilu Musa Ibro ya rasu ba. Mutumin ya shekara da shekaru yana shiga ɗakunanmu yana sa mu dariya, ya zama kamar ɗan gida. Zuciya tana kukan wanda ta sani. Amma kwana goma sha biyu kafin rasuwarsa aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, aka kashe sama da mutum 100 suna cikin sahu. Labarin ya zaga duniya, adadin ya zauna a kanmu. Ban da danginsu da maƙwabtansu, wa zai iya kawo sunan mutum uku daga cikinsu yau?

Sananne idan ya rasu da sunansa yake tafiya, da hotonsa, da tarihinsa, da maganarsa ta ƙarshe. Talaka idan ya rasu a cikin taro, adadi yake zama, kuma ko adadin ba ya tsayawa wuri ɗaya: 'yan sanda su faɗi nasu, hukumar agaji ta faɗi nata, mutanen gari su ce ya fi haka. Ba abin mamaki ba ne, tunda ba wanda ya rubuta sunan kowa lokacin shiga jirgi. An karɓi kuɗin mutum da na babur ɗinsa da na buhunsa, an tura kwale-kwale.

'Yan jarida suna da uzurinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Labarin sananne yana zuwa a shirye: hotuna na nan a Facebook da Instagram, abokan aikinsa na da lambar waya, minti goma ya isa a haɗa rahoto. Labarin ƙauyen bakin kogi kuwa sai an sayi mai, an bi hanyar da ruwan sama ya yanke, an nemi tafinta idan mutanen Nufawa ne, an zauna da masu makoki har su iya magana. Gidan jaridar da ma'aikatansa ke bin sa bashin albashi da wuya ya tura kowa. Sannan shafukan sada zumunta suna tura wa mutum irin abin da ya fi tsayawa a kai. Mun tsaya a kan Titan, aka ƙara mana Titan. A nan laifin ya dawo hannunmu, domin yatsanmu ne ya zaɓa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu mun iya kiran sunan mamaci, ba sai wani ya koya mana ba. Ka saurari sanarwar rasuwa a gidajen rediyon Kano ko Kaduna ko Zinder. Ana faɗin sunan mutum da na mahaifinsa, unguwarsu, shekarunsa, matan da ya bari, 'ya'ya da jikoki, da lokacin jana'iza. Tela ne ko mai sayar da goro, sanarwar ba ta rage masa komai. A masallaci liman yana sallama wani zai miƙe ya ce akwai jana'iza, kuma kabbara huɗun da za a yi wa attajiri ita za a yi wa ɗan dako. Sai idan mutuwar ta zo da yawa, a lokacin da ya fi kamata a tsaya a kira kowa, muke barin wannan kyakkyawar ɗabi'a. Yaran da ruwa ya ci a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwambar 2021, aƙalla mutum 29 da akasarinsu ɗaliban Islamiyya ne masu tafiya Mauludi, sunayensu na cikin rajistar makaranta. Malaminsu ya san su, mai unguwa ya san iyayensu. Karanta sunayen nan duka a rediyo ba zai ci minti uku ba.

Wani zai ce mamaci ba ya buƙatar suna a jarida, addu'a yake buƙata. Gaskiya ne. Masu rai ne ke buƙatar a kira sunan. Yawancin sanannun da muke cika waya da hotunansu jinya ce ko tsufa ya ɗauke su, ba abin da hayaniyarmu za ta gyara. Mutuwar 'yan kwale-kwale kuwa kowa ya san musabbabinta: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsofaffin jiragen katako, rashin rigar ruwa, kututturan da ba a cirewa daga hanya, da rashin titi da gada da ke tilasta wa mutane bin ruwa. Duk waɗannan abubuwa ne da hukuma za ta iya gyarawa, kuma hukuma tana motsi ne a inda idon jama'a ya daɗe. Faɗin cewa kwana ne ya ƙare bai ɗauke wa kowa alhakin rigar ruwan da bai raba ba.

A duba abin da ya biyo baya. Kamfanin OceanGate ya dakatar da aiki cikin makonni. Rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta kafa kwamitin bincike, ta yi zaman sauraron shaidu a bainar jama'a a Satumbar 2024, aka kira injiniyoyi da tsofaffin ma'aikata aka tambaye su yadda aka ƙera jirgin da wanda ya yi gargaɗi aka ƙi ji. Saboda mutum biyar aka yi wannan, kuma daidai ne a yi. A kogin Neja kuwa, bayan saƙonnin ta'aziyya da alƙawarin rigunan ruwa, ba a cika wata uku ba wani kwale-kwalen ya kife a ƙaramar hukumar Mokwa da manoma masu tafiya gona. Ranar 1 ga Oktobar 2024 wani ya sake kifewa a kusa da Gbajibo, a Mokwa ɗin dai, ɗauke da kusan mutum 300, akasari mata da yara mahalarta Mauludi. Shi ma da daddare ne, shi ma an cika shi fiye da ƙima, kuma kwanaki aka yi ana tsamo gawa ana canza adadin.