Duniyoyi a Kan Allo

Da alli, iyakar malami ya zana da'ira ya ce ga rana, yara su gyaɗa kai. A kwamfuta kuwa yaro da kansa yake taɓa Jufita, ta juyo masa, a nuna masa irin duniyarmu sama da 1,300 za su shige cikinta. Sai tambayoyi su ɓarke, har da na ɗalibar da ba ta cika magana ba.

Abin da ke damuna shi ne, allon kwamfutar yakan jera duniyoyin takwas kusa da juna kamar tumatir a faifai. Alhali hasken rana sai ya yi minti 8 kafin ya iso mana, Naftun kuwa sama da awa 4. Wannan tazara, dole malami ya faɗe ta da bakinsa.