Kukan Jariri Ba La'ana Ba Ne

Yawancin matasan zumuntarmu da suka yi aure bara suna riƙe da jariri bana. Tambayar da suka fi kawo mini ita ce: "Fasto, me ya sa yaron nan yake tsala kuka tun magariba, yana naɗe ƙafafu, alhali ya ƙoshi?"

Likitoci sun san wannan murɗar ciki. A 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya ba da ma'auninta: kukan da ya wuce awa 3 a rana, kwana 3 a mako, har mako 3, ga jariri mai lafiya. Takan tsananta wajen mako 6, ta lafa a wata 3 zuwa 4. Abubuwan da ake zato suna jawo ta sun haɗa da iskar da yaro ke haɗiya wajen shan nono, hanjin da bai gama ƙwari ba, madarar shanu da cikinsa ya ƙi, da hayaƙin taba a ɗaki.

Duk cikinsu babu maita, babu zunubin uwa. Amma na zauna da matar da surukarta ta ce nononta ne ya ɓaci, ta kwana tana kuka tare da ɗanta. Na kuma ga uba ya nufi Babbar Kasuwa ido jajur, yana neman jiƙon da zai ɗura wa ɗan wata guda. Ɗan'uwana, ajiye jiƙo da kanwa. Nono zalla har wata 6, zuma kuwa sai ya cika shekara. Bayan ya sha, a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Komai gajiya, kada a jijjiga shi da ƙarfi. In ka ga zazzaɓi, koren amai, jini a kashi, ko ya ƙi nono, maza a kai shi asibiti, irin na Turai 'Yar'aduwa.

A Ishaya 66:13 Ubangiji ya kwatanta ta'aziyyarsa da ta uwa. To, wa zai ta'azantar da uwar? Mu ne ikilisiya. Wannan makon, nemi gidan da ake wannan fama, ka yi addu'a, sannan ka karɓi yaron awa ɗaya ta samu barci.

Ubangiji ya ƙarfafa iyayenmu mata. Amin.