Shirun Dallol Mawri

A tsibiran Bahar Rum, irin su Malta da Jarba ta Tunisiya, akwai otel-otel na alfarma da aka keɓe a bakin teku. Attajirai na biyan kuɗi masu yawa a can, kuma babban abin da suke saye shi ne shiru da kwanciyar hankali.

Mu a Arewa ba mu da teku, amma Allah bai hana mu wannan ni'ima ba. Ka bar babbar hanyar Yamai a Dogondutsi, ka gangara ta wajen Tibiri cikin Dallol Mawri, tsohon kwarin da ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa. Da la'asar jajayen duwatsu kan yi inuwa, kurciya na kuka a kan gawo, mai lambu yana jan guga daga rijiya marar zurfi. A nan zuciya ke samun sarari, mutum ya tuna Ubangijinsa.

Abin da ke damuna, kullum gatari na cin itatuwan kwarin. Ya kamata mu tashi mu kare su, domin jikokinmu ma suna da hakkin wannan hutu.