AGOGON HABASHA YA KUNYATA AKAWU

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili a jaridarka in ba 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta labarin abin da ya same ni a ƙasar Habasha, ko da ya ke labarin ba zai ƙara mini girma ba.

A ƙarshen watan Nuwamba na 1446 ta Hijira, watau 2024, na sami hutu, na goya 'yar jakata a baya, ba akwati, ba ɗan rakiya, na shiga jirgin sama daga Kano zuwa Adis Ababa. Niyyata in ratsa ƙasar cikin motocin haya, in kwana inda dare ya yi mini. Birnin yana bisa tudu, tsayinsa daga bakin teku ya kusa ƙafa 8,000, wajen ninki biyu na Jos ke nan, saboda haka ranar farko in na hau 'yar gangara sai haki kamar tsoho. Na ɗaga kai in karanta allunan kantuna, na ga baƙaƙen Amhara, waɗanda sun fi 200, ban gane ko ɗaya ba. Ni da na shekara goma sha biyu ina cin abinci da alƙalami, ga ni na koma jahili a titi. Har wa yau in ina yi wa mutum magana sai in ji ya ja numfashi ciki da sauri kamar wanda ya taka ƙaya. Na yi ta ba mutane haƙuri, ashe haka su ke cewa "i, ina jinka."

Kwanana biyu na tafi sayen tikitin mota zuwa Harar, tafiyar sama da mil 300 gabas. Akawun wurin ya rubuta ya miƙo mini. Da na duba, kamar yadda aikinmu ya saba mana, sai na ga an sa wata na 3, shekara ta 2017. Na ce a raina, yau ga macuci ya ga baƙo. Na buga tebur, na ce da Turanci ba a sayar mini da takardar da ta shekara bakwai. Mutumin bai yi fushi ba. Ya sauko da kalandar da ke jikin bango, ya nuna mini cewa shekararsu wata goma sha uku ce: goma sha biyu masu kwana 30 cif, da wani ɗan auta mai suna Pagume, mai kwana 5, ko 6 sau ɗaya a shekara huɗu. Sabuwar shekararsu tana kamawa ran 11 ga Satumba, wani lokaci 12. Daga nan zuwa ƙarshen Disamba muna gabansu da shekara bakwai, daga Janairu kuma da takwas. Lissafin majami'arsu ne, danginsa ɗaya da na Kibɗawan Masar.

Na ji kunya, na ba shi hannu, na fita ina ganin na gama sanin Habasha. Jama'a, nan girman kai ya kashe ni. Tikitin ya ce mota za ta tashi ƙarfe 11. Tun a filin jirgi na riga na tura agogona gaba da sa'a biyu, don haka ban ga abin tambaya ba. Wanshekare na yi barcina, na karya kumallo a natse, na isa tasha goma da rabi na hantsi. Fili fetal, sai masu shara.

Na koma wurin abokin jiya. Ya kama hannuna ya jera agogona da nasa: nawa ya doshi goma sha ɗaya, nasa ya doshi biyar. Su daga fitowar rana su ke fara ƙirga sa'o'i. Ƙarfe bakwai namu na safe shi ne ɗaya nasu, tsakar rana shida, faɗuwar rana goma sha biyu, sa'an nan a sake sabon ƙirge na dare. Ƙarfe 11 na tikitina biyar ce ta asuba. Mota ta yi sa'a shida a hanya, kuɗina sun bi ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san wannan lissafi. A makarantar Mishan an koya mana cewa mutanen dā haka su ke ƙirga sa'o'in yini, na haddace, na ci jarrabawa, na ajiye shi tare da labaran matattu. Ban taɓa zaton akwai ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100 da ke tashin motoci da shi ba. Kuma in an bi gaskiya, wa ya fi kusa da hankali? Wanda ya fara yini da fitowar rana, ko mu da mu ke fara shi da tsakar dare, kowa na minshari? Kakana bai san ƙarfe tara ba, hantsi ya sani da walaha da azahar, watanninsa kuwa na Hijira ne. Agogon ofis da kalandarsa Turawa suka zo mana da su bayan 1903, muka riƙe har muka ɗauka da su aka halicci duniya. Habashawa kuwa sun kori Italiya a yaƙin Adwa a 1896, zaman da ta dawo ta yi daga 1936 zuwa 1941 bai kai ya sauya musu lissafi ba.

Na sake biyan kuɗin wani tikitin. Akawun ya ga yadda fuskata ta yi, da aka tashi cin abinci ya ja ni gidansu. Aka kawo injera, wata irin sinasir mai faɗin faifai, mai tsami, ta garin tef, ƙwayar da ba ta kai acca girma ba. Ran Laraba ce, suna azumin nama da nono, miyar duk ta wake da ganye ce. Muna cikin ci sai ya naɗo loma ya nufo bakina da ita. Na ja da baya. Rabona da a ba ni abinci a baki tun ina goye. Ya ce sunan wannan gursha, girmamawa ce, ƙinta kuwa cin fuska. Na rufe ido na buɗe baki. Daga nan mahaifiyarsa ta soya gahawa a gabanmu, ga turaren wuta, aka sha zagaye uku, na ukun sunansa baraka. Ita ce kalmar farko da na gane ba tafinta.

Daren nan ban runtsa ba, tun ƙarfe huɗu namu ina tsaye a tasha. Da magariba muka shiga Harar, tsohon birnin Musulmi mai ganuwa da ƙofofi biyar na asali da masallatai 82, lungunansa sai ka ce cikin birnin Zariya. A bayan ganuwa na ga mutum zaune yana ba kuraye nama da ɗan tsinke, ba takunkumi ba sarƙa irin ta gardawanmu. Mai masaukina ya ce gobe ƙarfe biyu zai zaga da ni ƙofofin. Na fiddo alƙalami na ce, "Baba, biyu taku ko tamu?" Ya yi dariya ya ce tasu. Na rubuta takwas.

Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.