Kada Mu Rushe Masallatan Kakanninmu

Duk sa'ad da na ga an rushe masallacin ƙasa don a kafa na siminti, sai raina ya ɓaci. A Ingila, majami'ar Durham da aka soma ginawa a 1093 tana nan tsaye, ana ta gyaranta. Mu fa? Shira ta girmi Azare, ga zanen mutanen dā a duwatsunta, amma maginan da suka san tubali da azara da ɗaurin guga sai ƙarewa suke yi. Da aka sabunta masallacin Juma'a na Zariya, an bar bakan gizon Babban Gwani Muhammadu Durugu a ciki. Ina roƙon sarakunanmu su yi koyi da wannan, domin abin da aka rushe ba ya dawowa.